Masu Raya Tsofaffin Motoci Da Mazubi Da Ƙaron Masana'anta

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san cewa ba inji ne yake fara kai ta juji ba. Shi inji ƙarfe ne, ana kwance shi a wanke, a gyara abin da ya ci, a mayar, in ma ya ƙi a ɗauko na wata motar a dasa. Abin da yake gagarar mai mota shi ne 'yan tarkacen nan na roba waɗanda ba a ɗauke su a bakin komai ba, watau jan murfin fitilar baya, da kan giya, da maɓallan rediyo, da tambarin da yake manne a goshin mota, da robar da aka lulluɓe sitiyari da ita. Rana tana cin su, zafi yana busar da su, har wata rana a taɓa su su ruguje a hannu kamar tsohuwar ƙwarya. Idan kuwa kamfani ya daina ƙera motar tun shekara 40 ko 50 da suka wuce, to babu kantin da za a nufa.

Daga wannan matsala ce wata 'yar sana'a ta tsiro a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, inda ake ɗaukar tsohuwar mota tamkar kayan tarihi. A Ingila, alal misali, motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, kuma tun daga 2018 aka ɗauke mata gwajin lafiyar da ake yi wa motoci kowace shekara, muddin ba a sauya mata fasali ba. Manyan kayan irin waɗannan motoci sukan sami mai ƙera su. An rufe masana'antar motar MGB a garin Abingdon a 1980, amma a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon gangar jikinta da ainihin mazuban ƙarfen da aka yi amfani da su tun farko. Wannan ya yiwu ne domin masu MGB suna da yawa. Amma motar da ba ta fi saura 200 a duniya ba, wa zai kashe dukiya ya sassaƙa mazubin ƙarfe saboda murfin fitilarta? A nan ne mutum yakan shiga garejin gidansa, ya share teburi, ya yi abinsa da kansa.

Yana da kyau mai karatu ya san dalilin lalacewar waɗannan kaya. Robar farko da aka haɗa kacokan a ɗakin bincike ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland ya gano a Amurka a 1907. Tana jure zafi, amma ba ta lanƙwasuwa, da ta sha bugu sai ta fashe. A shekarun 1930 da 1940 kuma aka yawaita yin sitiyari da maɓallai da wata roba da ake samu daga auduga da itace, mai kyawun launi, sai dai tana tsukewa da tsufa, ta tsattsage ta bar ƙarfen ciki a fili. Murfin fitilar baya da gilashi ake yin sa a da, sai daga ƙarshen shekarun 1940 aka koma roba mai haske irin Plexiglas, wadda kamfanin Röhm na Jamus ya fito da ita a 1933. Babu ɗaya daga cikin masu ƙera waɗannan da ya yi zaton za a neme su bayan shekara 70.

Aikin yana farawa ne da samun na asali guda ɗaya mai lafiya, ko da aro ne. Wannan shi ne mafi wuya, domin mazubi ba ya yi wa kowa kara: duk wani ƙarce, ko tsaga, ko zanen yatsa da yake jikin na asalin, sai ya fito a kan duk wanda za a zuba bayansa. Saboda haka sai a cike tsaga, a goge da samfefa mai laushi, a sa masa man gogewa har ya yi sheƙi kamar ranar da ya bar masana'anta. Wasu sukan yi mako guda a kan wannan kaɗai.

Mazubin kansa da robar silikon ake yin sa. Ruwa ce mai kauri kamar zuma, tana zuwa kashi 2, in an gauraya su sai ta daskare ba tare da wuta ba, ta zama roba mai taushi. Akan haɗa ɗan akwati da katako, a shimfiɗa yumɓun roba a ciki, a binne rabin abin da za a kwafa, a danna 'yan ramuka a gefe domin ɓangarorin mazubi su riƙa kama juna daidai. Sai a zuba silikon daga kusurwa ɗaya, siriri kamar zare, a bar shi ya bi lungu-lungu da kansa. Yawancinsa yakan ɗauki sa'a 16 zuwa 24 kafin ya kama. Daga nan a kife akwatin, a cire yumɓu, a shafa man basilin kaɗan don kada sabo ya manne wa tsoho, a zuba rabi na biyu. Dole a bar ƙofar da za a ɗura ruwa, da wasu ƙananan kafofi a wuraren da suka fi tudu inda iska za ta fice.

Akwai wani tarko a nan da yake kama kusan duk sabon shiga. Silikon iri 2 ne. Wanda ake haɗa shi da sinadarin kuza ya fi araha kuma ba shi da tsirfa, amma yana ɗan tsukewa, kuma bayan 'yan shekaru yakan rube. Wanda ake haɗa shi da filatinam kusan ba ya tsukewa, sai dai ba ya shiri da farar wuta ko kaɗan. In yumɓun yana da ita, ko aka taɓa aikin da safar hannu ta ɗanyar roba, to washegari za a tarar da shi yana danƙo, bai daskare ba, kuma babu magani sai a kankare a sake.

Abin da ake ɗurawa cikin mazubin shi ake kira rezin, wanda za a iya ce masa ƙaron masana'anta, domin kamar ƙaro yakan fito a ruwa ya koma dutse. Wanda aka fi amfani da shi shi ne foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Shi ma kashi 2 ne, kuma da an gauraya su sai ya fara ɗumi, wani irin ma cikin minti 3 ya fara kamawa, saboda haka sai an shirya komai tukuna. Babban maƙiyinsa shi ne danshi. Ɗigon ruwa ɗaya, ko laimar da take cikin iska, ko sandar itacen da aka juya shi da ita in ba ta bushe ba, ya isa ya sa shi kumfa. A maɓallin rediyo baƙi wannan ba wani abin damuwa ba ne. A murfin fitila kuwa, inda haske zai ratsa, kowane ƙwayar kumfa sai ta nuna kanta.

Dabarar da masu wannan aiki suka samo ita ce tukunyar matsin iska, wadda da yawansu tukunyar feshin fenti suke gyarawa. Da an ɗura rezin, wanda aka riga aka ɗiga masa jan launi ko ruwan goro, sai a sa mazubin a ciki a rufe, a hura iska da kwamfiresa har ta kai kusan ninki 2 na iskar tayar ƙaramar mota. Matsin yakan murƙushe kumfar har ido ba ya ganin ta, a bar shi haka har ya daskare. Mazubi ɗaya yakan ba da kwafi 'yan gomomi kafin ya fara yagewa. Ga wanda yake neman guda 2 domin motarsa, da wasu 20 domin 'yan ƙungiyarsu, wannan ya wadatar.

Manyan kaya kamar murfin inji ko madigadi wata hanya ce daban, watau a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi a jiƙa ta da rezin, hawa-hawa. Ba baƙon abu ba ne ga mota, domin Chevrolet Corvette ta 1953, wadda guda 300 kacal aka yi a shekarar farko, da shi aka yi jikinta, ita kuwa Trabant ta Jamus ta Gabas, wadda aka ƙera daga 1957 zuwa 1991, da sharar auduga da rezin aka matse nata.

Ba ko'ina ne wannan aiki yake zama na sha'awa ba. A ƙasar Kuba, bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin cinikin da Shugaba Kennedy ya tsananta a Fabrairun 1962, dubban motocin Chevrolet da Ford da Buick na shekarun 1950 suka wayi gari ba su da hanyar samun kayan gyara. Har zuwa 2011 kuma su kaɗai ne doka ta yarda talaka ya saya ya sayar ba tare da izinin hukuma ba. Saboda haka kanikawan Habana suka koyi ƙera abin da ya ɓace da hannu, suna dasa musu injunan dizal na wasu ƙasashe. A can mota tasi ce mai ciyar da gida, kuma wadda take ɗaukar 'yan yawon buɗe ido kyawunta shi ne jarinta.

To, amma akwai iyaka, kuma a nan ne ake gane mai hankali. Rezin na zubi bai dace da duk abin da rai ya rataya a kansa ba, kamar kayan birki, ko hannun sitiyari, ko abin da yake riƙe taya. Ko a kan sitiyari, ado kawai ake zubawa, ƙarfen asali yana nan a ciki. Zafi ma abin dubawa ne, domin ƙwan birki mai wat 21 yana iya laushe murfin da aka yi da rezin mara kyau, shi ya sa wasu suke komawa ƙwan LED mai sanyi. Wani rezin kuma, musamman efoksi, yakan koma rawaya in ya sha rana.

Akwai kuma maganar gaskiya. A jikin murfin fitila na asali akwai hatimi, harafin E a Turai, ko SAE da DOT a Amurka, mai nuna cewa ya cika ƙa'idar haske da launi. Mazubi yakan kwashe wannan hatimi tare da komai, sai ga kwafi yana ɗauke da shaidar jarrabawar da bai zauna ba. Haka nan tambarin kamfani mallakar kamfani ne. Wanda ya zuba domin motarsa bai cuci kowa ba, amma wanda ya kai kasuwa ya ce na asali ne ya shiga ha'inci, kuma masu mutunci a cikin sana'ar sukan goge hatimin, ko su sa alamarsu a bayan kayan.

Shi kansa mai aikin yana cikin haɗari in ya yi sakaci. Tururin foliyuretan yana iya jawo ciwon fuka wanda ba ya barin mutum, ruwan da ake ɗiga wa rezin na zaren gilashi domin ya daskare kuwa ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Sai da tabarau, da takunkumi mai tace tururi, da wuri mai iska, nesa da madafa da yara.

Su ma manyan kamfanoni sun farga. A 2018 Porsche ta bayyana cewa ta fara fitar da wasu kayan tsofaffin motocinta da na'ura mai gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta, ciki har da hannun kulocin motar 959, wadda guda 292 aka ƙera. Masu aiki a gida su ma sun karɓi wannan na'ura, ba don ta maye gurbin mazubi ba, sai don su gina samfuri in na asali ya ɓace sam, su goge shi, sa'an nan su yi masa mazubi.

A ƙasar nan zubi ba sabon abu ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake danna tukunya cikin yashi a zuba narkakken sanholo, ya riga ya ga rabin wannan ilmi. Motocin da za su buƙace shi ma suna nan. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Waɗanda aka fara fitarwa daga Kakuri sun kai shekara 50, kuma yayin da masu sayen tsofaffin ƙarafa suke narkar da 'yan uwansu, fitilu da tambura masu lafiya da za a kwafa suna ƙara ƙaranci. Wanda zai gwada a Arewa, hunturu ya fi masa damina saboda bushewar iska, sai dai ya kifa kwali a kan mazubinsa, domin ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen rezin ta zauna ke nan.