Ango da amarya a bakin teku

Bayan biki, wasu angwaye sukan kai amarensu yawon buɗe ido. Mai wannan niyya ya tuna da Lome, babban birnin Togo. Kuɗinsu sefa ne, irin na Nijar, babu wahalar canji.

Da safe sai su nufi babbar kasuwa, Asigame, inda mata suka shahara da cinikin atamfa. Amarya ta taya, kada ta biya kuɗin farko. Da la'asar su zauna bakin teku, ƙarƙashin itacen kwakwa, su ga masunta na jan taru.

Wajen abinci, akwai fufu, wato sakwarar doya, da akume, tuwon masara, da gasasshen kifi. Wanda yake shakkar yankan nama ya tafi unguwar Zango, arewacin gari. Can akwai Hausawa da masallatai, da tsire irin na gida. A tambayi kuɗin kwano kafin a ci.

Amma a yi hattara. Tekun Lome ba tabki ba ne. Igiyar ruwa tana janye ko gwanin iyo. Su jiƙa ƙafa kawai, su koma gida lafiya.