Idan babban kamfani ya saye ƙarami: Abin da cinikin Paystack ke nufi ga matasan Bulumkutu

Duk wanda ya shigo Maiduguri ta hanyar Damaturu, da zarar ya wuce Njimtilo ba zai jima ba sai ya iske kansa a Bulumkutu, unguwa mai cunkoson jama'a da ke kusa da filin jirgin sama. A gefen titi, tsakanin masu gyaran waya da masu cajin batir, rumfunan POS ne a jere, kowacce da na'urarta ta Moniepoint ko OPay ko PalmPay. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, waɗannan rumfuna suka zama bankin talaka. Kuɗin da ke ratsawa ta cikinsu na mutanen Borno ne, amma kamfanonin da suka mallaki manhajojin duk baƙi ne a jihar.

Ba wai babu masu iya rubuta manhaja a garin ba. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat suna yaye su duk shekara, kuma shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 ya ƙara yawan masu koyo. Matsalar tana zuwa ne bayan abokai uku ko huɗu sun haɗa kai sun gina abin da ke aiki. Daga nan ko su ci gaba su kaɗai da ɗan abin da ke aljihunsu, ko su shiga inuwar wani babban kamfani.

Misalin da aka fi sani a Najeriya shi ne na Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Babcock, su suka kafa shi a Legas a 2015 domin sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. A 2016 suka shiga shirin renon sababbin kamfanoni na Y Combinator a Amurka. A 2018 kamfanin Stripe, na wasu 'yan uwa biyu 'yan ƙasar Ailan, Patrick da John Collison, ya jagoranci zuba musu jarin Dala miliyan 8. Shekara biyu bayan haka, a watan Oktoban 2020, aka sanar da cewa Stripe ya saye Paystack baki ɗaya, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura Dala miliyan 200. A lokacin 'yan kasuwa sama da 60,000 ne ke amfani da shi.

Yawancin masu ba da wannan labari a kan adadin kuɗin suke tsayawa. Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne tsarin cinikin. Stripe bai goge sunan Paystack ba, bai kwashe ma'aikatansa zuwa Amurka ba, kuma Akinlade ya ci gaba da shugabanci. Mai sayen ya riga ya zauna da su shekara biyu a matsayin mai jari, ya ga littattafansu, ya san halinsu. Abin da ya biya kuɗi a kansa shi ne abin da ba zai iya ginawa daga San Francisco cikin sauri ba: alaƙa da bankunan Najeriya, sanin dokokin Babban Banki, da fahimtar dalilin da ya sa katin ɗan Najeriya ke ƙin biya da tsakar rana. Bayan cinikin, Paystack ya faɗaɗa zuwa Afirka ta Kudu da Kenya, ƙari a kan Ghana da yake ciki tun farko.

Ba kowane ciniki ne ke ƙarewa haka ba. Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan Dala biliyan 1, lokacin ma'aikatansa 13 ne kacal, sannan ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin Dala biliyan 19. Manhajojin biyu sun bunƙasa fiye da yadda masu su suka taɓa zato. Amma zuwa ƙarshen 2018 duk waɗanda suka kafa su sun bar kamfanin: Brian Acton da Jan Koum na WhatsApp bayan saɓani kan tallace-tallace da sirrin masu amfani, sai Kevin Systrom da Mike Krieger na Instagram. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar da aka sa hannu, ikon yanke shawara kan abin da za a gina gobe ya koma hannun mai saye.

Akwai kuma cinikin ceto, irin wanda Flutterwave ya yi a 2021 da ya sayi Disha, wata ƙaramar manhaja ta masu sayar da fasaharsu a intanet, bayan masu ita sun sanar da cewa za su rufe.

Ga matashin Bulumkutu, lissafin ya fi na ɗan Legas nauyi, saboda abin da ya gani da idonsa. A 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, har sai da aka gina tashar wuta ta gaggawa mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a 2023. A watan Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shafe babban ɓangare na birnin. Wanda ya rubuta manhaja a cikin wannan hali, da janareta da ɗan data na kwana ɗaya, ba za a zarge shi ba idan tayin albashi mai tabbas ya rinjaye shi.

Sai dai wahalar nan ita ce kadararsa. Ya san yadda ake gina abin da zai yi aiki a ƙaramar waya lokacin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ya san mai shagon da ya fi gane saƙon murya cikin Hausa ko Kanuri a kan rubutun Turanci, da ɗan kasuwar da ba zai taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba, wanda saboda irinsa ne bankunan Jaiz da TAJ suka samu kasuwa. Babban kamfanin da ke son Arewa maso Gabas yana buƙatar wannan sani, kuma a ganina kuskure ne a sayar da shi a farashin albashin wata-wata.

Inda ƙananan ƙungiyoyinmu suka fi rauni shi ne takarda. Mun saba haɗa jari bisa amana, ba rubutu, ba shaida. Amma kafin babban kamfani ya biya ko sisi, lauyoyinsa za su tambayi rajistar Hukumar CAC, da yarjejeniyar da ta nuna kason kowa, da hujjar cewa manhajar mallakin kamfanin ce ba ta abokin da ya rubuta rabinta ya tafi Abuja ba. Sau da yawa kuma ba a biyan kuɗin duka a hannu. Wani kaso yakan zo a matsayin hannun jari da ke nuna a hankali, galibi cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin lokaci ya yi asarar ragowar. Dole ne kuma a tambaya tun kafin sa hannu ko mai sayen manhajar yake so ko ma'aikatan, domin idan ma'aikatan ne, zai iya rufe manhajar bayan 'yan watanni ya bar masu amfani da ita a tsaye.

Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Oktoban 2022 ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanonin da suka samu shaidarta ta hannun Hukumar NITDA. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa kamfanin bai wuce shekara goma da rajista ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun 'yan Najeriyar da suka kafa shi. Ƙungiyar da ta sayar da komai ga kamfanin waje ta fita daga wannan sharaɗi tun ranar cinikin.