Aleister Crowley: Masihircin Ingila da ya mayar da nufin kansa addini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ƴan'uwa, ɗalibai sukan ci karo da sunan Aleister Crowley a intanet cikin labaran ƙungiyoyin asiri, inda gaskiya da ƙarya suka cakuɗe. Gara mu san tarihinsa yadda yake, domin adalci wajibi ne ko a kan wanda muka ƙi.

An haife shi ranar 12 ga Oktoba 1875 a garin Leamington na Ingila, a gidan mawadata mabiya wata ɗariƙar Kirista mai tsanani. Mahaifinsa mai wa'azi ne, ya rasu a 1887 yaron yana ɗan shekara 11. Daga nan ya juya wa addinin gidansu baya. Ya shiga jami'ar Kambirij a 1895, ya bar ta ba tare da digiri ba, sannan a 1898 ya shiga ƙungiyar asiri ta Golden Dawn a Landan, inda ya koyi sihiri mai tsari: zana hatimai, sa tufafi na musamman da kiran rauhanai.

A watan Afrilu 1904 yana Alƙahira da matarsa Rose. Ya yi da'awar cewa wata murya mai suna Aiwass ta yi masa shifta kwana uku a jere, ya rubuta ɗan littafin da ya kira Littafin Doka. A kansa ya kafa addinin Thelema, kalmar Girkanci mai ma'anar nufi, ya ɗauki kansa annabin sabon zamani. Jigon koyarwar shi ne babu wata doka a kan mutum face nufinsa. Mabiyansa suna cewa ba sha'awa ake nufi ba, manufar rayuwa ce da kowa zai gano a cikin kansa. Shi ma bai ɗauki kansa mai bautar Shaiɗan ba, ko da yake ya yi alfahari da laƙabin Dabba mai lamba 666 da ya ciro daga Baibul.

To, ina wannan nufi ya kai shi? A 1920 ya buɗe gidan ibadarsa a garin Cefalù na tsibirin Sisili, inda aka haɗa sihiri da zina da ƙwayoyi. Bayan mutuwar wani matashi almajirinsa a 1923, gwamnatin Musolini ta kore shi daga Italiya, wata jaridar Ingila ta kira shi mafi mugunta a duniya. Dukiyar gado ta ƙare, kotu ta ayyana shi wanda ya karye a 1935. Ya mutu ranar 1 ga Disamba 1947 a wani gidan haya a Hastings, yana da shekara 72, ƙwayar hiroyin tana riƙe da shi har ƙarshe.

Abin lura na farko shi ne sihiri bai taƙaita ga jahilci ko talauci ba. Wannan mutum ya yi karatu, ya gaji kuɗi, ya yawata duniya, har ya koyi wani abu na Larabci a Masar. Na biyu, da'awarsa ta samun saƙo daga gaibu ba sabuwa ba ce, kuma a wurin Musulmi ƙofar wahayi ta rufe da Annabi Muhammadu (SAW). Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa koyon sihiri cutarwa ce da hasara a Lahira, hadisi ingantacce kuma ya lissafa shi cikin zunubai bakwai masu halakarwa.

Na uku ya fi kusa da mu. Wanda ya ce ba ya bin kowa sai nufinsa, da me zai bambance nufin gaskiya da son zuciya? Ba shi da ma'auni sai ita zuciyar. Crowley ya yi shelar ƴancin nufi, amma bai iya rabuwa da ƙwaya ba. Iyaye da malamai su tattauna wannan da matasa da hujja, kada su tsaya a tsoratarwa kawai.

Allah Ya tsare mana imaninmu. Allahu a'alam.