Faɗaɗa Rumbun Bayanai na "Girgije"

Kalmar girgije da masana kwamfuta ke amfani da ita tana iya ruɗa mai karatu, domin kuwa babu abin da ke ajiye a sararin sama. Abin nufi shi ne kwamfutocin haya da ke jibge a gine-ginen kamfanoni irin su Amazon da Google, waɗanda ake kaiwa gare su ta intanet. In aka haɗa da yawansu suna riƙe da tarin bayanai guda, wannan ne muke kira gungun rumbuna a wannan maƙala.

Idan gungu ya doshi cika, hanya biyu ce. Ta farko, a ƙara wa kowace kwamfuta girman faifai. Ita ce mafi sauƙi, sai dai a tsarin RDS na Amazon, wanda ya fito a 2009, filin da aka ƙara ba ya raguwa kai tsaye, kuɗin hayarsa kuwa yana nan.

Ta biyu, a shigo da sabuwar kwamfuta, kamar yadda ake yi a tsarin Cassandra, wanda Facebook ya saki a 2008. A ganina nan ne wuyar take. Dole a kwaso wa baƙuwar rabonta daga tsofaffin, su kuwa ba su share abin da suka miƙa sai an umarce su. Sa'an nan galibi kwafi 3 ake ajiye wa kowane bayani, watau terabayit 1 yana cin 3. Bugu da ƙari, aikin harhaɗa fayiloli na buƙatar sarari, har akan ba da shawarar a bar kusan rabin faifai babu kome.