Yadda Ƙaya Ke Mamaye Makiyaya a Kudu da Kuseri

A kudu da garin Kuseri, a arewacin Kamaru, akwai wata babbar fadama wadda Fulani ke kira yayre. Duk shekara kogin Logon yakan yi ambaliya ya shafe ta har wata da watanni. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai riƙe ruwa, shi ya sa itatuwa ba sa kamawa, sai ciyawa mai jure shekaru, irin su burgu da jema. Nan makiyaya ke kai shanu da rani.

A shekarar 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa. Ambaliya ta ragu, ga kuma farin shekarun 1980. Da lakar ta daina kwana cikin ruwa, sai ciyawar ta mutu, ciyawar damina ta maye gurbinta, itatuwan ƙaya kamar dumshe suka fara shigowa, har cikin gandun dajin Waza. Kiwo ya yi ƙaranci, kifi ma haka.

A 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya. Inda ya kai, tsohuwar ciyawa ta fara dawowa a hankali.