Ƙaramar Jam'iyya da Nauyin Ƙuri'arta: Darasi Daga Jihar New York

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa fassara labarin zaɓe zuwa Hausa ya san cewa akwai maganganu biyu da suke zuwa bakin alƙalami tun kafin a kira su, wato "ta lashe zaɓe" da kuma "ta sha kaye". Ni ma na daɗe ina ganin waɗannan biyun sun wadatar, har sai da na ci karo da tarihin wata ƙaramar jam'iyya ta Jihar New York a ƙasar Amurka. Wannan jam'iyya ba ta taɓa kusantar kujerar gwamna ba, amma ta shekara 24 manyan 'yan siyasa suna lissafi da ita. Sunanta Right to Life Party, ma'ana Jam'iyyar 'Yancin Rayuwa, kuma manufarta guda ɗaya ce tak: hana zubar da ciki. A cikin wannan maƙala ba hukuncin zubar da ciki zan tattauna ba, domin wannan fage ne na malaman addini da likitoci da masana shari'a. Abin da zan duba shi ne ƙuri'un da jam'iyyar ta samu, da yadda dokar zaɓe ta ba waɗannan ƙuri'u nauyi, sa'annan ta zo ta karɓe shi.

Asalin Jam'iyyar

A shekarar 1970 majalisar dokokin Jihar New York ta halatta zubar da ciki har zuwa mako na 24, Gwamna Nelson Rockefeller ya sa hannu. A wannan shekara aka kafa jam'iyyar domin adawa da dokar. A 1972 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar, amma gwamnan ya hau kujerar na-ƙi. A watan Janairu na 1973 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, wanda ya halatta abin a faɗin ƙasar.

Fitacciya a cikin wannan tafiya ita ce Ellen McCormack, wata matar aure daga yankin Long Island. A 1976 ta nemi Jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da ita takarar shugaban ƙasa, ta samu ƙuri'a fiye da 200,000 a zaɓukan fid da gwani. Ita ce mace ta farko da ta cika sharuɗɗan samun tallafin kuɗin yaƙin neman zaɓe daga gwamnatin tarayya, kuma da kuɗin ta yi ta tallan ra'ayinta a talabijin.

Dokar da ta Raya Jam'iyyar

Kafin mai karatu ya fahimci alƙaluman da ke tafe, dole ya san abubuwa biyu game da tsarin zaɓen New York na wancan lokaci.

Abu na farko, duk jam'iyyar da ɗan takararta na gwamna ya samu ƙuri'a 50,000 tana mallakar layinta a kan takardar ƙuri'a har tsawon shekara huɗu. Ba sai ta bi gida gida tana tara sa hannun jama'a ba kafin ta tsayar da mutum. Ana kuma jera layukan ne gwargwadon ƙuri'ar da kowace jam'iyya ta samu a zaɓen gwamna.

Abu na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan zancen, doka ta yarda jam'iyyu biyu ko uku su tsayar da mutum ɗaya. Sunansa zai fito a layin kowacensu, a ƙidaya ƙuri'un kowane layi daban, sa'annan a haɗa masa su gaba ɗaya. Yawancin jihohin Amurka sun haramta wannan tsari. Da shi ƙaramar jam'iyya take da abu biyu a hannu: ko ta ara wa babban ɗan takara layinta, ko ta tsayar da nata ta rage masa ƙuri'a.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A zaɓen gwamna na 1978 jam'iyyar ta tsayar da Mary Jane Tobin, McCormack kuma a matsayin mataimakiya. Sun samu ƙuri'a 130,193, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100. Da a ce ni aka ba labarin in fassara a lokacin, da sai in rubuta "ta sha mummunan kaye" in wuce. Amma ga 'ya'yan jam'iyyar wannan babbar nasara ce, domin sun ninka abin da doka ta nema fiye da sau biyu, har sun tsere wa Jam'iyyar Liberal da ta daɗe a fage, suka karɓe layi na huɗu daga hannunta.

A 1980 McCormack ta tsaya takarar shugaban ƙasa a ƙarƙashin jam'iyyar, sunanta ya fito a jihohi uku kacal, ta samu ƙuri'a kimanin 32,000. Sai dai a wannan shekarar ce aka ga amfanin layin. A takarar kujerar sanata, jam'iyyar ta ara wa Alfonse D'Amato na Jam'iyyar Rifablikan layinta, ya samu ƙuri'a kimanin 152,000 ta wannan hanya. Tazarar da ya bai wa Elizabeth Holtzman ta Dimokurat kuwa kimanin 81,000 ce. A nan ya kamata a yi adalci: D'Amato yana da layin Jam'iyyar Conservative wanda ya kawo masa fiye da haka, kuma sanata mai ci a lokacin, Jacob Javits, ya tsaya a layin Liberal ya raba ƙuri'un ɗaya ɓangaren. Duk da haka, ƙuri'un da aka ƙidaya a layin ƙaramar jam'iyyar sun kusa ninka tazarar nasarar, kuma kowane ɗan siyasa a jihar ya ga wannan lissafi. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bayan haka sai aka shiga hawa da sauka a zaɓukan gwamna. A 1982 ta samu kimanin 52,000, da ƙyar ta tsallake. A 1986 ta tsayar da Denis Dillon, sanannen mai gabatar da ƙara na gundumar Nassau, ta koma kimanin 130,000. A 1990 ta kai ƙololuwarta da kimanin 137,000. Daga nan sai gangara: kimanin 67,000 a 1994, kimanin 56,000 a 1998. A 2002 ta samu 44,195, wato saura 5,805 ta cika 50,000, sai ta rasa layinta. A wannan zaɓe Jam'iyyar Liberal ita ma ta rasa nata.

Me ya Kawo Faɗuwar?

A fahimtata dalilai uku ne. Na ɗaya, Jam'iyyar Rifablikan ta ƙasa ta sanya adawa da zubar da ciki cikin manufofinta, ga kuma Jam'iyyar Conservative a jihar mai irin wannan ra'ayi, saboda haka mai wannan aƙida ya samu wasu rumfunan da zai fake. Na biyu, mai jefa ƙuri'a yana da damuwar haraji da aikin yi da tsaro, jam'iyyar kuwa magana ɗaya take da ita. Na uku, a jihar da akasarin jama'a suke goyon bayan halaccin, wasu 'yan takara sun ga cewa layin zai kore musu mutane fiye da waɗanda zai kawo. Abin lura shi ne, hukuncin Roe ya faɗi a 2022 ta hannun Kotun Ƙoli, shekara 20 bayan jam'iyyar ta rasa layinta, kuma ta hanyar alƙalan da shugabannin Rifablikan suka naɗa.

Kwatanci da Birtaniya

Domin a ga tasirin doka ƙarara, mu leƙa Birtaniya, inda wata jam'iyya mai irin wannan manufa, ProLife Alliance, ta shiga babban zaɓen 1997. Ta tsayar da 'yan takara fiye da 50, dukkansu suka tara ƙuri'a kimanin 19,000. A can kowane ɗan takara yana ajiye fam 500, ba a mayar masa sai ya samu kashi 5 cikin 100, kuma babu ko ɗayansu da ya karɓi kuɗinsa. A 2001 ta tsayar da 37, ƙuri'unta ba su kai 10,000 ba. An fi tunawa da ita saboda shari'arta da BBC a kan hotunan da aka hana ta nunawa a talabijin, wadda kotu mafi girma ta ƙasar ta yanke a 2003, ta bai wa BBC gaskiya. Tun da babu tsarin aron layi a Birtaniya, ba ta da abin da za ta yi ciniki da shi.

Kammalawa

A Nijeriya ba mu da irin wannan jam'iyya, domin doka ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma tsarin mulki bai yarda da jam'iyyar jiha ɗaya ba. Amma mun san yadda doka ke yanke wa ƙananan jam'iyyu numfashi, tun da a watan Fabrairu na 2020 Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta soke rajistar jam'iyyu 74. A wannan shekarar ita ma New York ta ɗaga haddin zuwa ƙuri'a 130,000 ko kashi 2 cikin 100, duk wanda ya fi yawa. Cikin zaɓuka bakwai da na lissafa, sau uku kawai jam'iyyar ta haura 130,000.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in an ba ku labarin zaɓe ku fassara, kada ku yi saurin rubuta "ta sha kaye". Ku fara tambaya: me jam'iyyar ta fito nema, kuma ƙuri'a nawa doka ta ce ta kawo? Tobin ta 1978 da ɗan takarar 2002 duk ba su zama gwamna ba, amma ita ta samo wa jam'iyyarta layi, shi kuwa a hannunsa layin ya suɓuce. Mai fassarar da ya ba su kalma ɗaya ya tauye mai karatunsa. A nan zan dasa aya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.