Bugu biyu, bugu huɗu ko lantarki: wane inji za ka ɗaura wa sabon jirginka?

Mu ɗauka ka sayi ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, wanda za ka riƙa fita da iyali a tafkin Jabi ko madatsar Tiga. Saura injin da ake maƙalawa a bayansa. A nan ne kuɗi ke shigewa, domin sau da yawa injin yakan kai jirgin tsada, kuma kuskure ɗaya zai iya barinka tsakiyar ruwa da yara ana kallon-kallo.

Ka san ƙaramar janareta da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur? To wannan shi ne inji mai bugu biyu. Duk zagaye ɗaya da ƙarfen juyawa ya yi, sai wuta ta tashi a silinda sau ɗaya. Mai bugu huɗu, irin na mota ko babur ɗin Boxer, sai ya yi zagaye biyu kafin wuta ta tashi: ya zuƙi mai da iska, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, kowane aiki da nasa bugun. Shi ya sa mai bugu biyu ya fi zafin tashi kuma bai kai ɗayan nauyi ba, don ba shi da bawul-bawul da sauran tarkacen da ke buɗe su. A injinan da ke da ƙarfin doki 40, bambancin nauyin yakan kai kilo 20. Kilo 20 a can ƙarshen ƙaramin jirgi ba wasa ba ne fa, yana danne baya, igiyar ruwa ta samu hanyar shigowa.

Sauƙin nan yana da farashi. Mai bugu biyu ramuka ne da shi a jikin silinda, kuma akwai ɗan lokacin da ramin shigar mai da na fitar hayaƙi suke buɗe a tare. Sabon mai ne ke tura hayaƙin waje, wani kaso nasa ya bi bayan hayaƙin bai ƙone ba. A tsofaffin injina masu kafireto, abin da ke zubewa haka yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Wato cikin lita huɗu da ka saya, kusan ɗaya kyauta ka yi wa tafki, tunda injin jirgi a ƙarƙashin ruwa yake fitar da hayaƙinsa. Wannan shuɗi-shuɗin da kake gani yana ƙyalli a bayan jirgi, kuɗinka ne. Dalilin da ya sa aka hana irin waɗannan injina shiga tafkin Tahoe na Amurka tun 1999 kenan. Mu kuwa tun da aka cire tallafin fetur a 2023, aljihu ma ya isa ya sa mutum yin lissafi.

Sannan ga haɗin mai. Yawanci kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa, shi aka yi wa injin da ruwa ke sanyayawa. Idan ka manta da shi sau ɗaya, fistin ya kama, magana ta ƙare.

To me ya sa masu jiragen haya a Yawuri da Lokoja har yau mai bugu biyu suka fi riƙewa? Ba rashin sani ba ne. Kowane bakanike a bakin kogi ya san cikinsa, kayan gyaransa na kasuwa, yana jure fetur marar kyau, kuma igiya kawai ake ja ya tashi. Mai bugu huɗu na zamani kwamfuta ce ke auna masa mai, ba ya son ruwa ko datti a tanki ko kaɗan, ana canza masa baƙin mai da tata kusan duk awa 100, kuma in ka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba mai zai malale cikin silinda. Amma ba ya ƙara sosai, ba ya wari, kuma a tafiyar a-hankali, wadda ita ce yawancin tafiyar shaƙatawa, nan ya fi yi wa mai bugu biyu nisa wajen tsimin mai. Akwai mai bugu biyu na zamani da ke fesa mai kai tsaye bayan ramuka sun rufe, sai dai Evinrude, wanda ya fi shahara da shi, ya daina ƙera injina a 2020. Ni dai ba zan sayi abin da kayan gyaransa ke ƙarewa ba.

Na lantarki fa? Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 9, injin yana mora kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Batirin ƙaramin injin lantarki mai kilowat-awa 1 bai wuce aikin rabin lita ba kenan. Abin da ke cetonsa shi ne halin ruwa: muddin jirgi na ratsa ruwa ne bai hau samansa ba, ninka gudu sau biyu na buƙatar ƙarfi kusan sau takwas. Ka rage gudu da rabi, batirin awa ɗaya ya kai ka sa'o'i. Don zagaya ƙaramin tafki kamar Jabi ya wadatar, in kana da inda za ka yi caji. Tafkin Kainji da iska ke tayar wa igiya, a'a.

A ganina, jirgin iyali da ke kwana kusa da gari, bugu huɗu ya fi dacewa da shi, da sharaɗin ka fara gano wanda zai gyara shi kafin ka biya. Ka duba ƙaramin allon da ke jikin jirgin, an rubuta iyakar ƙarfin doki da nauyin da zai ɗauka, kada ka haura. Sannan ka auna tsayin katakon baya inda injin ke zama. Ƙafar injin takan zo da inci 15, 20 ko 25. In ta yi gajarta farfela ta riƙa kamo iska, famfon sanyaya inji ya rasa ruwa, in kuma ta yi tsawo sai ta ja jirgin baya ta riƙa tonon yashi lokacin rani da ruwa ya janye.